Yadda Ake Raɗa wa Kowane Kashi na Shiri Mai Dogon Zango Sunan da Ya Dace da Labarinsa

Duk mai bibiyar shirye-shiryen Hausa masu dogon zango ya san iri biyu ne suka fi yawa wajen sa wa kashi suna. Akwai masu sa lamba kawai: zango na 2, kashi na 14, shi ke nan. Akwai kuma masu kururuwa, irin su "Tirƙashi! Yau Asiri Ya Tonu". Ka zuba datarka, ka ɓata minti arba'in, babu asirin da ya tonu, iyaka wata ta leƙa ta taga ta koma. Masu lamba ba su cuci mai kallo ba, amma ba su taimake shi ba. Bayan wata biyu, in yana neman kashin da ya ba shi dariya don ya tura wa abokinsa, sai ya yi ta lalube tsakanin na 11 da na 19. Masu kururuwa kuwa yaudara suka yi, kuma wanda aka ci wa data ba ya mantuwa.

Matasan da ke shirya irin waɗannan shirye-shirye a nan Kaduna nake wa wannan bayani, maza da mata, ko don YouTube suke yi ko don kai wa gidan talabijin. Garin ba baƙo ba ne a harkar. Tun 1962 aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, kuma a nan su marigayi Usman Baba Pategi na Samanja da marigayi Kasimu Yero na Karambana suka yi tashe. Ka tambayi duk wanda ya kalle su. Washegari a majalisa ba a cewa "ka ga kashi na kaza?" Cewa ake "ka ga wanda aka yi kaza da kaza?" Da abin da ya faru mai kallo yake tuna kashi. Aikin mai raɗa suna shi ne ya riga shi gano wannan abin, ya ambace shi ba tare da ya ƙona labarin ba.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ƙirƙiro shiri mu yi aiki da shi. A ce labarin wani tela ne a Kasuwar Barci. Saura mako biyu Sallah, ɗinki ya yi masa katutu, ga zubin adashi ya taso shi gaba. Wata Hajiya daga Unguwar Rimi ta kawo masa atamfa turmi shida na fitar bikin 'yarta. A kashi na 7, uwar adashi ta ba shi wa'adin magariba. Ya buga nan ya buga can bai samu ba, sai ya zare turmi ɗaya daga kayan Hajiya ya sayar, da niyyar zai sayo irinsa bayan Sallah. A minti na ƙarshe muka ga ashe yaron shagonsa yana kallonsa ta bayan labule, bai ce uffan ba.

Mataki na farko: ka jira edita ya gama

Sunan da marubuci ya sa a saman takarda na wucin gadi ne. A lokeshan labari yana canzawa. Ruwa ya hana ɗaukar wata fitowa, jarumi ya ƙaro maganar da ba ta cikin rubutu kuma ta fi ta rubutun daɗi, edita ya yanke minti shida don shirin ya shiga lokacin da gidan talabijin ya bayar. Sau da yawa abin da aka yanke shi ne abin da sunan farko ya dogara a kai. Saboda haka kada ka tsayar da suna sai ka zauna ka kalli kashin da aka kammala, daga farko har rubutun ƙarshe, wayarka a kife.

Mataki na biyu: ka faɗi kashin a jimla ɗaya

Kana gama kallo, ɗauki biro. Rubuta wa ke neman me, me ya yi, kuma me ya canza wanda ba zai koma yadda yake ba. Namu ga shi: tela yana neman kuɗin zubi kafin magariba, ya sayar da turmi ɗaya na Hajiya, yaronsa ya gani.

A lura da abin da bai shiga jimlar ba. A cikin kashin akwai faɗan matar tela da maƙwabciyarta a kan igiyar shanya, akwai mai keke Napep da ya kwashi fasinja zuwa Kawo ya manta canji. Sun ba da dariya, mai yiwuwa ma su mutane za su fi yankowa su watsa a TikTok. Amma ba su ne kashin ba. A nan masu shiri da yawa ke zamewa, su ɗauki fitowar da ta fi hayaniya su sa wa kashin sunanta, alhali minti uku ce cikin arba'in. Wanda ya shigo don "Faɗan Igiya" zai ga faɗansa ya ƙare tun a minti na goma, ya fita.

In ka yi ta juyi jimlar ta ƙi fitowa, matsalar ba ta suna ba ce. Kashin ne babu abin da ya faru a cikinsa, an dai ja shi ne don zango ya cika goma sha uku. Irin wannan gara ka koma wurin darakta da edita a haɗe shi da na gabansa. In ba hali, ka ba shi suna mai sanyi wanda bai yi alkawarin komai ba, kamar "Kwanan Shago".

Mataki na uku: ka tsinto sunaye daga cikin kashin

Kada ka ɗaga kai sama kana neman kalma mai nauyi. Sunan yana cikin abin da ka kalla. Wurare huɗu nake dubawa. Akwai abin da aka riƙe a hannu, wanda labarin ya juya a kansa: turmin atamfa, littafin adashi, almakashi. Akwai maganar da wani ya furta. Akwai lokaci ko wuri, musamman in akwai wa'adi. Sai kuma mutumin da kashin ya zama nasa, ko da ba shi ne jarumin shirin ba.

Rubuta duk abin da ya zo, kada ka tace tukuna. Takardarmu za ta iya kasancewa haka: Turmi Ɗaya, Zubin Yau, Kafin Magariba, Ki Dawo Jibi, Bayan Labule, Yaro Ya Gani, Kayan Hajiya, Cin Amana, Sharrin Bashi, Rana Dubu Ta Ɓarawo. Ko guda goma ko sha biyar, yawan ba ya ɓaci. Wanda ya fara faɗo maka a rai yawanci shi ne wanda ya faɗo wa kowa.

Turawa sun daɗe da gane amfanin sunan da ke bin bakin mai kallo. Shirin barkwancin nan na Amurka, Friends, da aka yi daga 1994 zuwa 2004, kusan duk sunayen kashinsa da lafazi ɗaya suke farawa, wanda ma'anarsa ita ce "wanda aka yi kaza". Wato sun ɗauki yadda mutane ke ba juna labari a wurin aiki suka mayar da shi take. Shi kuwa 24, wanda aka fara a 2001 kuma aka sha kallonsa a faifai a garin nan, sunan kowane kashi shi ne awar da labarin ya faru a cikinta, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Ya dace da su domin agogo shi ne abokin gabar jarumin. In ka kwaikwayi wannan a shirin da ba a tseren lokaci a cikinsa, ka yi aikin banza.

Mataki na huɗu: gwaji uku

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka daɗe.

Gwajin farko shi ne musanya. Ɗauki kowane suna ka ɗora shi a kan wani kashin na daban. In ya zauna daram, ba na wannan kashin ba ne. "Cin Amana" zai hau kashi na 3, zai hau na 7, zai hau na 12, zai ma hau rabin finafinan da aka taɓa yi da Hausa. Haka "Sharrin Bashi". Irin waɗannan jigo ne, ba suna ba. Kamar tela ne ya rubuta "kaya" a jikin kowace leda a shagonsa: bai yi ƙarya ba, amma ranar karɓa sai an zazzage duka. Soke su. Ka soke danginsu ma, su "Ƙaddara", "Rayuwa Kenan", "Ana Wata Ga Wata".

"Ki Dawo Jibi" fa? Suna ne mai daɗi, duk macen da ta taɓa kai ɗinkin Sallah za ta yi murmushi. Sai dai telan namu yana faɗin haka a kowane kashi, don haka ya faɗi gwajin musanya a na 7. Kada ka yar da shi. Ajiye shi sai kashi na 9, ranar da zai faɗa wa Hajiya haka ita kuma ta jawo benci ta zauna ta ce ba inda za ta. A ranar ce maganar ta zama labari.

Gwaji na biyu shi ne ƙona labari. Tambayi kanka: in mutum ya karanta sunan nan, akwai abin da na ɓoye har minti na ƙarshe da ya riga ya sani? "Yaro Ya Gani" ya kashe fitowar ƙarshe gaba ɗaya. Darakta ya sha wahala ya ɓoye yaron, ya sa kyamara ta juya a hankali, mai kiɗa ya yi shiru, kai kuma ka tona tun a bakin ƙofa. "Bayan Labule" ya fi shi dabara, domin kafin kallo ba wanda zai san labulen gaske ake nufi. Amma ƙa'idar da na fi bi ita ce suna ya fito daga abin da aka kafa a sulusin farko na kashin, ya nuna matsalar, ya bar warwararta.

Gwaji na uku shi ne ƙarya. Furodusa zai leƙo ɗakin editin ya ce, "Malam, wannan suna ai ba zai ja mutane ba. Sa 'Hajiya Ta Kama Tela Dumu-dumu'." Ka ce masa, "Alhaji, ai ba ta kama shi ba sai kashi na 11." Zai ce a sa kawai, in sun shigo sun shigo. Amsar da za ka ba shi ta kasuwa ce, ba ta adabi ba. YouTube ba shigowa kaɗai yake ƙirgawa ba, yana duba tsawon lokacin da mutum ya zauna, kuma bidiyon da ake shiga ana fita da wuri ba ya samun turawa gaba. Ƙa'idojinsa ma sun hana take da hoton da ke yaudarar mai kallo. Sannan in an kai kashi na 11 na gaske, da wane suna za a kira shi? An riga an cinye shi.

Bayan gwaji ukun, abin da ya rage a takardarmu: Turmi Ɗaya, Zubin Yau, Kafin Magariba, Bayan Labule, Kayan Hajiya. Ni "Turmi Ɗaya" zan ɗauka. Kafin kallo tambaya ce: wane turmi, na wa? Bayan kallo kuma ya zama farashin da mutum ya sayar da mutuncinsa. Sunan da ake fahimta iri ɗaya kafin kallo, a sake fahimtarsa wani iri bayan kallo, shi ake nema. Ba kullum ake samu ba. A zango mai kashi goma sha uku, in ka samu huɗu ko biyar irin wannan ka gode Allah, sauran su kasance masu gaskiya kawai.

Maganar karin magana

Dole a tsaya a kanta, domin ita ce abin da hannun marubucin Hausa ke fara kaiwa gare shi. Karin magana tana da kwarjini, tana da daɗin faɗa, amma tana da illa babba: Bahaushe yana ƙarasa ta da kansa. Ka rubuta "Rana Dubu Ta Ɓarawo", kafin ya danna ya riga ya ce "rana ɗaya ta mai kaya". Ka gaya masa za a kama tela. Ka rubuta "Alhaki Kwikwiyo", ya san mai shi zai bi. Yanke rabin karin magana ba ya ɓoye komai.

Wuri biyu take aiki. Ko dai a kashin da sakamakon ya riga ya bayyana ga kowa, abin da ake jira kawai shi ne yadda zai faru. Ko kuma inda labarin zai saɓa mata, mai kallo ya shigo yana jiran a kama ɓarawo sai ya ga an kama wanda bai ji ba bai gani ba, wato yaron shago. Na biyun yana da daɗi ƙwarai, amma sau ɗaya ake yinsa a zango.

A tuna kuma Kaduna ce. Masu kallonka ba a Tudun Wada da Rigasa kaɗai suke ba, akwai na Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri, masu jin Hausa sarai amma ba lallai su san tsohuwar karin maganar da sai an tambayi kaka ba. Kuma garin da ya ga abin da ya gani, ba a sa sunan ƙabila ko addini a take don jan hankali, ko da wasa ne a cikin shirin. Take yana yawo shi kaɗai a WhatsApp, ba tare da fitowar da ta wanke shi ba. Aya da hadisi ma a bar su a inda suke da daraja.

Mataki na biyar: nauyin suna ya yi daidai da nauyin kashi

Kashin da aka yi rasuwa a ciki ba a ba shi sunan barkwanci, na barkwanci kuma ba a ɗora masa sunan makoki. Karanta sunan da ƙarfi da muryar mai sanarwa a talabijin, kunnenka zai gaya maka.

Mataki na shida: gwada shi a kan mutum biyu

Nemi wanda bai kalli kashin ba, kuma ba ɗan harkar fim ba. Yayarka, ko mai shayin bakin layi. Faɗa mata sunan kawai ka ce, "Yaya, me kike jin zai faru a ciki?" Kada ka taimaka mata. Za ka iya jin ta ce, "Turmi ɗaya? Kishiyoyi ne ke faɗa a kan turmin daka?" Ka ga ta ɗauke shi turmin sakwara, kai kuwa na atamfa kake nufi. Wannan ba ƙaramin gyara ba ne, kuma kai da ka kwana da labarin ba za ka taɓa hango shi ba. Mafita biyu ce: ko ka ƙara kalma ya zama "Turmi Ɗaya Cikin Shida", ko ka tabbatar hoton da ke gaban bidiyon ya nuna atamfar a hannun tela. In hasashenta ya faɗa kusa da labarin amma bai kai ga ƙarshensa ba, sunan ya yi. In ta faɗi ƙarshen tiryan-tiryan, koma gwaji na biyu.

Mutum na biyu wanda ya kalla ne, kamar mai riƙe fitila ko mai kwalliya. Bari kwana biyu su wuce, sannan ka faɗa masa sunan ka ce wane kashi ne. In ya yi jim yana tunani, sunan bai kama ba.

Mataki na bakwai: jera na zangon gaba ɗaya

Rubuta sunaye goma sha ukun a takarda ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, ka karanta su a jere, domin haka mai kallo zai gan su a tashar. Duba maimaici: in "asiri" ta fito sau uku, biyu su tafi. Duba tsari: in goma gajeru ne masu kalma biyu, kada uku su zama dogayen jimloli. Sannan duba ko jerin yana ba da labarin da kansa. Wanda ya fara kallo yau yana kashi na 2, idonsa zai sauka a kan na 12. In an rubuta "Tela A Gidan Yari", an gama da shi.

Masu ƙwarewa suna wasa da jerin. A zango na biyu na Breaking Bad, a 2009, akwai kashi huɗu da in aka haɗa sunayensu suna ba da jimla guda mai nuni da faɗuwar jirgin sama ƙirar 737 a saman birnin Albuquerque, abin da bai faru ba sai a kashin ƙarshe na zangon. Kowane suna kuma ya dace da nasa kashin shi kaɗai. Wannan sharaɗin ne ya sa dabarar ta yi kyau. In za ka gwada irinta, kada ka tilasta wa kashi sunan da ba nasa ba don jimlarka ta tashi.

Mataki na takwas: rubuta shi inda za a gani

YouTube yana karɓar harafi 100 a take, amma a fuskar waya ana datse dogon take, ƙarshensa ya ɓace. Don haka tsarin da ya fi shi ne sunan shiri, zango da lamba a taƙaice, sai sunan kashi nan da nan. Sunayen jarumai da kamfani su koma cikin bayanin da ke ƙasa. Kada ka yar da lamba don ka samu suna, su biyun tare suke aiki: lamba tana nuna layi, suna yana tuna abin da ke ciki.

Haruffa masu ƙugiya, ɗ da ƙ da ɓ, a rubuta su daidai a take da kuma jikin bidiyon. Amma da yake yawancin mutane ba sa sa ƙugiya in suna bincike, sai ka maimaita sunan babu ƙugiya a cikin bayanin ƙasa. Ka guji rubuta komai da manyan baƙaƙe da alamar motsin rai uku-uku.

In gidan talabijin za ka kai, miƙa musu jerin sunayen a rubuce tare da jimlar nan ɗaya ta mataki na biyu, amma ka cire ƙarshenta. Ita za su iya sawa a bayanin da ke fitowa in an danna maɓallin bayani a rimot, ita kuma mai sanarwa zai karanta. In ba ka ba su ba, wani zai rubuta nasa, kuma ba lallai ya kalli kashin ba. Sunan da ke jikin bidiyo, da na fosta, da na tallar Facebook, duk su zama ɗaya harafi da harafi.

Bayan an saki kashin

Shiga sharhin masu kallo ka ga da wane suna suke kiransa. In kai ka ce "Turmi Ɗaya" su kuma kowa na cewa "na yaron nan da ya leƙo", to nauyin kashin ya fi karkata ga yaron fiye da yadda ka zata, kuma "Bayan Labule" ne ya fi cancanta. Duba kuma zanen da YouTube Studio ke nunawa na inda mutane suka daina kallo. In sun zube da yawa a mintunan farko, akwai yiwuwar abin da take da hoto suka yi alkawari ba shi suka tarar ba.

Ana iya canza take bayan an ɗora bidiyo, adireshinsa ba ya canzawa. In kuskuren rubutu ne ko sunan ya tona abin da bai kamata ba, gyara shi a ranar. In kuwa kawai wani ya fi shi daɗi ne ya zo maka daga baya, kuma an riga an watsa fosta an yi sanarwa a talabijin, bar shi yadda yake. Rubuta sabon a littafin da kake tara sunayen da ba a yi amfani da su ba, kusa da lambar kashin da dalilin da ya sa ka fi son sa, ka buɗe littafin ranar da za a zauna tsara zango na gaba.